FILIN JIRGIN SAMA YA KUSANTO DA MAKKA, SAURA GUZURI DA AMANA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya hore wa ɗan Adam tafiya a tudu da ruwa da sararin samaniya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu yi nazari a kan filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke birnin Katsina, da aikin faɗaɗa shi, da hanyoyin jiragen da ake buɗewa a ƙasar Hausa. Wani zai ce wannan magana ce ta injiniyoyi da 'yan kwangila, ina ruwan filin addini da ita? Amsarmu ita ce, ta wannan ƙofa maniyyata suke fita zuwa ɗakin Allah, ta nan attajiri yake fita neman halaliya, da dukiyar jama'a kuma ake gina ta. Za mu ɗauki mutanen Kankiya da Kusada su zama ma'auninmu, domin suna zaune a tsakanin filayen jirgi biyu, na Katsina a arewa da na Kano a kudu, a kan babbar hanyar motar da ta haɗa biranen nan biyu.

TAFIYAR KAKANNI

Kafin mu san darajar abin da muka samu, ya kamata mu tuna yadda na gabanmu suka yi. A zamanin da, mai niyyar Hajji daga ƙasar Katsina yakan raba gadonsa, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi, domin babu tabbacin komowa. Sai ya kama hanyar gabas da ƙafa ko a bayan jaki, ya ratsa Barno, ya shiga Wadai, ya bi ta Darfur da Kurdufan har ya kai kogin Nilu, daga nan ya gangara bakin Bahar Maliya ya jira jirgin ruwan da zai haye da shi Jidda. In guzuri ya ƙare sai ya tsaya a wani gari ya yi noma ko ɗinki ko koyar da yara, ya tara abin da zai ci gaba. Wani yakan shekara bakwai, wani fiye da haka, wani kuma can Allah yake karɓar abinsa. Hausawan da suke zaune a ƙasar Sudan har yau, da yawansu zuriyar waɗannan bayin Allah ne, da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno.

Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya sauke farali a 1921, amma ta jirgin ruwa, sai da ya biya ta Ingila. In sarki mai ƙasa ya yi irin wannan zagaye, to, a auna halin talakan Kusada na wancan lokaci.

KANO TA BUƊE ƘOFA

A watan Nuwamba na 1925 jiragen saman sojan Ingila guda 3 suka sauka a Kano daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Kano da Khartum. A ƙarshen shekarun 1940 Alhaji Mahmudu Ɗantata da abokan kasuwancinsa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda sunanta ya bi unguwar 'yan canjin kuɗi ta Fagge har yanzu. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, kuma a 1977, lokacin da kuɗin man fetur ya yalwata, alhazan Nijeriya sun haura 100,000.

Tsawon waɗannan shekaru, Bakatsine ba shi da mafita sai Kano. Maniyyaci ya tashi daga Kankiya, ya wuce Yashe da Tsanyawa da Bichi, ya sauka a sansanin alhazai, 'yan rakiya suna kwana a gindin itatuwa ana jiran jirgi. Kuma hanyar sama ita ma ta zo da nata jarrabawar. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin da ya nufo Sakkwato ya faɗi a Jidda jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 261 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama. Mun ambaci waɗannan ne domin kada a ɗauka gyaran titin jirgi da motocin kashe gobara da fitilun sauka ado ne. Rayukan Musulmi ne suke rataye da su.

RABON KATSINA

Ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, birnin Dikko ya zama babban birnin jiha. Ma'aikata suka taso daga Kaduna, unguwanni suka yaɗu a bayan ganuwa, makarantu da kasuwanni suka ƙaru. A zamanin gwamnatocin farar hula da suka biyo bayan 1999 aka faɗaɗa filin jirgin garin har ya iya karɓar manyan jiragen alhazai, aka kuma sa masa sunan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007, ya rasu a kan mulkin ƙasa a 2010. A 2008 attajirin Katsina Alhaji Ɗahiru Barau Mangal ya kafa kamfanin Max Air, wanda ya yi suna wajen jigilar alhazai da manyan jirage samfurin Boeing 747, a 2018 kuma ya shiga jigilar fasinja ta cikin gida.

Yau maniyyacin Kankiya tafiyar kimanin kilomita 60 ce tsakaninsa da jirginsa, ya wuce Charanchi ya shiga Katsina. Daga nan awa 4 zuwa 5 sun kai shi ƙasa mai tsarki. Abin da kakansa ya yi shekaru yana nema, shi yakan same shi tsakanin hantsi da la'asar. Ma'aikacin da aka kira taro a Abuja, wanda mota za ta cinye masa yini guda, in ya sami jirgi kimanin awa 1 ya isa. Wannan ni'ima ce babba, kuma godiyarta wajibi ce.

A Kano ma an gina sabon ginin fasinjan ƙasashen waje, daga cikin bashin dala miliyan 500 da Nijeriya ta karɓo daga bankin ƙasar Sin a 2013 domin sababbin gine-gine a manyan filayen jiragenta. Jiragen Masar da na Habasha da na Sa'udiyya sun yi shekaru suna sauka can, a watan Maris na 2022 kuma Qatar Airways ya buɗe hanyar Doha zuwa Kano. Amma akwai darasi a gefe guda. Kamfanin KLM na ƙasar Holan, wanda ya fi shekara 60 yana zuwa Kano, ya janye a 2012. Kamfanin jirgi ba ya zuwa gari domin kyan gini. Yana zuwa ne in akwai fasinja da kaya, yana kuma tafiya ranar da kujeru suka koma wofi. Saboda haka filin Katsina ba zai rayu da watanni biyu na Hajji kaɗai ba. Sai in attajiran jihar sun sami abin da za su fitar, kamar riɗi da fata da kayan lambu, kuma ma'aikatan filin sun sa matafiyi ya ji daɗin komowa.

MENE NE IKO A YAU?

To, a nan ne maganar ta shigo hannun malamai. A cikin Suratu Ali Imrana, aya ta 97, Allah ya ɗora farillar Hajji a kan wanda ya sami ikon zuwa. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, sun fassara ikon nan da amincin hanya, da guzurin da zai kai mutum, da ƙarfin isa can a ƙasa ko a kan abin hawa, tare da lafiyar jiki. Har ma sun ce mai sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, in yana iya tafiya da ƙafa, Hajji ya hau kansa. Da wannan fatawa kakanninmu suka yi aiki.

Amma yau iyakokin ƙasashe, da fasfo, da biza, da ƙayyade yawan alhazan kowace ƙasa, sun rufe waccan hanya. Maniyyaci ba shi da ƙofa sai kujerar jirgi. Ke nan filin jirgin sama ya ɗauke mana wahalar sharaɗi guda, watau ƙarfin isa, har tsoho mai shekara 70 yana iya zuwa. Sauran sharuɗɗan kuwa suna nan a wuyanmu, wasunsu ma sun ƙara nauyi.

GUZURI

Mu fara da guzuri. A 2023 kujerar Hajji ta kusa Naira miliyan 3. Bayan da aka saki farashin Naira a tsakiyar wannan shekara, sai kujerar ta haura Naira miliyan 8 da dubu 400 ga maniyyatan yawancin jihohin Arewa a 2025. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuwa Naira 70,000 ne a wata. In muka yi lissafi, ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na wata 120, watau shekara 10 cur, bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya wannan kujera. Jirgi ya matso ƙofar gida, amma kuɗinsa ya yi nisa.

A irin wannan hali Shaiɗan yake samun ƙofa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ga abokan aikinsa ana ce musu Alhaji, sai ya fara duban kuɗin da aka ba shi amana. Ɗan kasuwa ya riƙe kuɗin mutanen da suka ba shi kaya bashi, ya kai hukumar alhazai. Muna tunatar da su cewa wanda bai sami iko ba, Allah bai ɗora masa ba, kuma babu laifi a kansa ko da ya mutu bai je ba. Wanda ya yi Hajji da dukiyar haram, malaman Malikiyya sun ce farali ya sauka amma ya yi saɓo, a wajen Hanbaliyya kuwa Hajjin ma bai yi ba. Wane mai hankali ne zai kashe miliyoyi a kan ibadar da malamai suke jayayya a kan ingancinta? Haka kuma mai bin bashin da lokacin biyansa ya yi yana da ikon tsayar da wanda yake bi, in yana da abin biya, har sai ya biya. Mafi yawan malamai kuma sun sanya barin abin da iyali za su ci cikin sharaɗin tafiya.

Hanyar da ta dace da mai albashi da ƙaramin ɗan kasuwa ita ce tari sannu a hankali. Musulmin Malesiya sun kafa asusun Tabung Haji tun 1963, manomi da leburan roba suna zuba abin da ya sawwaƙa har su cika. A nan gida, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2006, ta buɗe irin wannan asusun adashe tare da Bankin Jaiz a 2020. Ya kamata limamanmu na Kankiya da Kusada da Ingawa su san yadda tsarin yake, su bincika shi, su yi wa jama'a bayani a kan mumbari.

Ga mawadata kuma muna da kalma. Sauƙin jirgi ya sa wasu suna zuwa Umra sau biyu sau uku a shekara, alhali a mazhabar Maliku maimaita Umra a shekara guda makaruhi ne. Kuɗin tafiya ta biyu zai haƙa rijiya a ƙauye, ko ya biya wa marayu kuɗin makaranta, ko ya sayi magani ga marasa lafiya a babban asibitin Kankiya.

AMINCIN HANYA

Sharaɗi na biyu shi ne amincin hanya a kan rai da dukiya. Hanyar Makka ba daga matakalar jirgi take farawa ba, daga ƙofar gida take farawa. Jihar Katsina ta sha fama da 'yan bindiga, kowa yana tune da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a watan Disamba na 2020, kuma masifar ta taɓa ƙauyuka a tsakiyar jihar. A watan Maris na 2022 maharan sun kai har filin jirgin saman Kaduna, bayan kwana 2 suka tare jirgin ƙasan Abuja. Ina amfanin dogon titin jirgi ga manomin da ya sayar da shanun da yake tarawa domin Hajji ya biya kuɗin fansar ɗansa? Gwamnatin da take kashe kuɗi a kan ginin fasinja, wajibi ne ta ba hanyoyin ƙauye da babbar hanyar Kano zuwa Katsina irin wannan kulawa, domin su ne farkon zangon.

HUKUNCIN IBADA A TAFIYAR JIRGI

Abu na uku shi ne ilmi, domin bai halatta mutum ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Ga kaɗan daga mas'alolin da ake yawan tambaya.

Ta farko, kasaru. Tsawon tafiyar da ake rage salla a cikinta mil 48 ne, watau kimanin kilomita 80. Mutumin Kankiya da ya nufi Kano ya kai wannan tsawo, wanda ya nufi Katsina kawai bai kai ba. Maniyyacin da ya sauka a sansanin alhazai na Katsina yana jiran jirgi, hukuncinsa na mai jiran ayari ne a wurin da bai kai tsawon kasaru ba: zai cika sallarsa, sai fa in ya tabbata za a tashi kafin kwana 4. Wanda kuma yake da mata a cikin birnin, shigarsa garin ta yanke masa hukuncin tafiya.

Ta biyu, salla a cikin jirgi. Mai tafiya gabas ranarsa gajeruwa take yi, kuma agogon Sa'udiyya yana gaban namu da awa 2. Mafi kyau mutum ya shiga da alwalarsa. In zai sauka da sauran lokaci, ya jira ya yi sallarsa a ƙasa. In lokaci zai fita, ya yi ta a cikin jirgi, a tsaye in ya sami wuri, in bai samu ba a zaune gwargwadon iko. Alƙiblarmu tana gabas ne da ɗan karkata arewa, saboda haka jirgin da ya miƙe zuwa Jidda kusan ita yake fuskanta. Mai azumin da ya tafi Umra cikin Ramadan kuma ba zai sha ruwa da agogon garin da ke ƙarƙashinsa ba, sai ya ga rana ta faɗi daga inda yake.

Ta uku, mikati. Wanda jirginsa zai sauka Madina, ko zai wuce can daga Jidda kafin ya shiga Makka, ba shi da damuwa, a Zulhulaifa zai ɗaura harami. Amma wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka, to, majalisar malaman fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yanke cewa mai tafiya ta sama zai yi harama ne in ya zo daidai da mikati. Wasu malamai, irin su Shaihu Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar, sun yi sauƙi sun halatta yinta a Jidda. Abin da ya fi kuɓutar da mutum shi ne ya yi wanka ya sa tufafin haraminsa tun daga Katsina, in an yi sanarwa a cikin jirgi sai ya ƙulla niyya ya fara talbiyya. Wanda ya wuce mikati da gangan bai koma ba, yanka ya hau kansa.

Ta huɗu, ciniki. Aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta ɗauke laifi ga mai neman falalar Ubangijinsa a lokacin Hajji. Amma a kiyaye dokar masu masauki. Hukumar alhazai takan yi gargaɗi kowace shekara a kan ɗaukar goro, kuma safarar miyagun ƙwayoyi hukuncinta kisa ne a Sa'udiyya. Kada kowa ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba, komai kusancinsa da mai saƙon, kuma kada ya bar jakarsa a hannun wanda bai sani ba.

AMANAR MASU GINI

Daga ƙarshe muna juyowa ga ma'aikatan gwamnati, waɗanda takardun irin waɗannan ayyuka suke bi ta teburinsu. A watan Mayu na 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon ministan sufurin jiragen sama, Sanata Hadi Sirika, a gaban kotu a Abuja, kuma cikin tuhumar har da kwangilolin ginin fasinja da faɗaɗa farfajiyar tsayawar jirage a filin Katsina. Ya musanta abin da ake tuhumarsa da shi. A shari'ar Musulunci mai ƙara ne yake kawo hujja, kuma ba ya halatta mu yanke wa kowa hukunci a majalisar hira, wannan aikin alƙali ne. Abin da ya shafe mu shi ne darasin da ke ciki. Kuɗin da ake gina filin jirgi da su na baitulmali ne, wani lokaci ma bashi ne da 'ya'yanmu za su biya. Akawun da ya sa hannu a takardar biya alhali aiki bai kammala ba, da injiniyan da ya rufe ido aka rage siminti, da jami'in da ya sayar da kujerar wani maniyyaci, da ma'aikacin bincike da yake miƙa wa baƙon Allah hannu, kowannensu zai tsaya shi kaɗai ya yi bayani. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Shekarun 2020 da 2021 sun isa wa'azi. Filaye suna nan, jirage suna nan, masu kuɗi suna riƙe da kuɗinsu, amma saboda annobar korona babu alhaji ko ɗaya da ya tashi daga Nijeriya. Gini da jirgi sababi ne kawai, kira na Allah ne. Abin da yake hannunmu shi ne mu tsarkake guzuri, mu nemi sanin hukunci, mu tsare amanar da aka ba mu, mu kuma tambayi shugabanni, cikin ladabi da gaskiya, inda aka kwana a kan ayyukan da aka yi alkawari.

Allah ya kira waɗanda ba su je ba, ya karɓa wa waɗanda suka je, ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, ya kai matafiyanmu lafiya ya komo da su lafiya. Amin.